Ruwan Alli a Gidan Mushe Fadilu

Ana kiran sallar magariba jifa na farko ya sauka a kan kwanon gidan Mushe Fadilu, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Gure. Da aka duba tsakar gida, ba dutse ba ne, guntun alli ne.

Shi kuwa Mushe rabonsa da alli shekara biyu ke nan, tun da wata ƙungiya ta raba wa ajinsa tabilet. Da safe ya kunna, ya ce a bi abin da ta faɗa, ya koma inuwa wajen shayinsa. Yara na ta shafa gilashi kamar masu tsintar shinkafa. Wai ci gaba! Ci gaban mai haƙar rijiya.

Kwana uku ana jifa. Ran na huɗu 'yarsa Husseina, wadda a ajin nasa take, jarrabawa kuma saura wata guda, ta yanke jiki ta faɗi. Ta tashi da muryar tsoho.

Aka ɗauko Malam Usmanu, mai fitar da aljanu, daga Kelle. Ya daɗe yana karatu a kanta kafin ya ce, "Wane ne kai?"

"Aljani ne ni, mai itacen gawon bayan lakwal," in ji muryar. "Shekara ashirin 'ya'yana na zama a taga suna ɗaukar karatun wannan mutum. Yanzu ya yi gum. Na leƙa gilashin nan, ba ya sanin wanda ya gane da wanda bai gane ba, gaba kawai yake yi."

Mushe ya ce, "Tsarin zamani ne..."

"Rufe mana baki!" in ji muryar.

"Ji tsoron Allah ka fita," in ji Malam. "Zakara kake so?"

"In yi me da zakara? Ya ɗau alli ya tsaya gaban yara. Kuma in na tafi, ya tambayi 'yar nan bakwai sau takwas."

Mushe ya rantse. Husseina ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido.

Ya durƙusa gabanta, murya ƙasa-ƙasa. "Husseina, bakwai sau takwas nawa ne?"

Ta dube shi, ta dubi yatsunta.

"Baba," ta ce, "miƙo mini tabilet."

Mushe ya sunkuya yana tsintar alli a tsakar gida, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.