Kyankyason da Ya Wanke Inna

Sufeto yana shirin fita cin abincin rana ke nan sai Kofur ya shigo ofis ya ƙame.

"Yallaɓai, an kwantar da wasu leburori a asibiti, amai da jiri. A shagon Inna suka ci abinci. Jami'an lafiya har sun garƙame shagon."

Can ɗin kuwa Sufeto ya nufa. Shekara da shekaru girkin Inna ne ke riƙe da tumbinsa, kuma tumbin ba ƙarami ba ne.

A asibiti likita ta kwantar masa da hankali. "Sun farfaɗo, har suna cigiyar abinci. Maganin ƙwari suka ci, irin wanda ake fesawa a gona."

"Duk wanda ya ci a shagon ya kamu?"

"A'a, sai waɗanda aka zuba wa ganyen latas a kan shinkafa."

Ba a daɗe da tsaurara dokar maganin ƙwari ba. A da, tara kawai ake ci, yanzu kuwa wanda ya fesa shi inda bai kamata ba, a rufe masa sana'a, a kuma tura shi gidan yari. In laifin ya hau kan Inna, ta yi sallama da tukunya ke nan.

Sufeto ya same ta zaune a bakin shago, ido ya yi ja. Ya sa aka buɗe, suka shiga kicin tare da Kofur.

"Inna, kina fesa magani a nan?"

"Ni? Ɗan nan, ban taɓa ba. Tsafta ce kawai. Ko tururuwa ba ta taɓa leƙo kicin ɗina ba."

"Ko tururuwa?" Kofur ya ɗaga gira. "Yallaɓai, kicin da babu ƙwaro ko ɗaya ai sai da feshi."

Sufeto ya janye buhun albasa. Wani ƙaton kyankyaso ya fito, mai ƙiba, sai sheƙi yake, ya ratsa tsakiyar kicin yana tafiyar ƙasaita, iyalinsa na biye da shi.

Inna ta rufe fuska da gyale. "Daga shagon maƙwabta yake shigowa."

Sufeto ya yi dariya har da riƙe ciki. "Inna, kin shara mana ƙarya, ga shi mai gidan ya fito da kansa ya cece ki. Wanda ya yi wannan ƙibar bai taɓa shaƙar magani ba. A ina kike sayen latas?"

"Wajen Tsaf-tsaf, a layin 'yan ganye. Nasa ne babu huda ko ɗaya."

A kasuwa Sufeto bai yi wa kowa magana ba tukuna. Ya bi layin a hankali yana kallo. Kowane teburi ƙudaje na shagalinsu, ganyaye duk tsutsa ta ɗan ɗanɗana. Teburi ɗaya ne ƙudaje ke kewayewa. Latas ɗinsa kore shar, kamar na roba.

"Kai ne Tsaf-tsaf?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. A zuba na nawa?"

"Me kake sa wa ganyenka?"

"Ruwa kawai. Ruwan famfo."

"To me ya haɗa ka faɗa da ƙuda?"

"Albarka ce, ranka ya daɗe."

Sufeto ya tsinki ganye ɗaya ya miƙa masa. "Madalla. Ɗan tauna mana albarkar mu gani."

Tsaf-tsaf ya dubi ganyen, ya ja da baya. "Cikina ba ya son ɗanye."

Kofur ya durƙusa ya ɗaga ledar teburin. Ga 'yar kwalbar feshi, ga galan mai hoton ƙoƙon kai a jikinsa.

Tsaf-tsaf ya amsa laifinsa. "Kaɗan nake fesawa da safe, don kada ƙwari su ɓata mini kaya. Yau hannuna ya zarce. Na ɗauka in an wanke shi ke nan."

"Ganyen da kai ba za ka iya taunawa ba, shi kake sayar wa mutane? Sauran bayanin ka yi wa alƙali."

Kofur ya sa masa ankwa, aka kwashe ganyen gaba ɗaya, aka wuce da shi mota.

Washegari aka cire kwaɗon shagon Inna. Leburorin da aka sallama su ne a gaban layi, sai tsokanar juna suke. Murna ta hana Inna tsayawa wuri ɗaya. Ta cika wa Sufeto faranti har yana zuba, ta ce daga yau latas mai huda take saye.

Ya kai cokali baki ke nan sai ga kyankyason nan ya leƙo daga ƙarƙashin benci. Inna ta cire silifa ta ɗaga sama.

"Inna, ajiye takalmin nan," in ji Sufeto, bakinsa cike da shinkafa. "Kicin kam ki gyara shi. Amma shaidan gwamnati ba a taɓa shi a gabana."