Ƙanwar Mai Gyara

Ranar Talata ce, ranar ganin likita. Mai Gyara da ƙanwarsa Auta sun fito daga asibiti suna jiran mota, ledar magani a hannunsa, sai ya ji ta damƙi hannun rigarsa. Kafin ya juyo ta sulale ƙasa, jikinta ya sandare, sannan ya fara fizga.

Nan da nan mutane suka yi musu zobe. Wani ya ce a danne ta, wata ta ce a ja baya kada yawunta ya taɓa mutum. Mai shayin gefen tasha ya miƙo cokali, Mai Gyara ya karɓa, don haka ya ga marigayiya mahaifiyarsu tana yi tun Auta na 'yar shekara tara.

"Don Allah ajiye cokalin nan."

Wata siririyar budurwa ce ta ratso mutane. Ta durƙusa, ta ciro farar rigar aiki daga jakarta, ta naɗe ta tura ƙarƙashin kan Auta, ta duba agogon hannunta.

"Za ta haɗiye harshenta," in ji shi.

"Ba a haɗiye harshe, haƙora kawai za ka karya mata. Kada ka riƙe ta. Janye wancan bencin kada ta buge."

Ya janye. Da fizgar ta lafa, budurwar ta juya Auta ta kwantar da ita a gefenta, ta ɗan ɗaga mata haɓa, ta share mata baki.

"Minti biyu. In ya wuce biyar, ko ya dawo kafin ta farfaɗo, sai asibiti. Ruwa kuma sai ta dawo hayyacinta sosai."

Auta ta buɗe ido, ta ga zanenta ya jiƙe, ta fara hawaye. Budurwar ta matsa ta zauna ta kare ta daga idon jama'a, tana yi mata hira ƙasa-ƙasa har aka watse. Mai Gyara ya tsaya yana kallonta. Shekara goma sha ɗaya ana guje wa ƙanwarsa in ta faɗi, yau ga wadda ta matso.

Malama ake ce mata. Taimakon gaggawa take koyarwa a wata cibiya, da rana kuma ta zaga gidajen tsofaffi da marasa lafiya. Ta karɓi lambarsa don ta ji yadda Auta ta tashi.

Shagonsa ɗakin ƙofar gidansu ne, cike da fankoki da dutsen guga da rediyo. Ya huda bango ya yi 'yar taga, yana aiki yana leƙen tsakar gida. Tun ranar da ya fita sayen waya ya dawo ya tarar Auta ta faɗi kusa da murhu ta ƙone a hannu, shekara huɗu ke nan, bai sake wuce ƙarshen layinsu ba sai da ita. Ya cire sakatar banɗaki, ya hana ta girki, ya cire ta daga makarantar ɗinki. In zai leƙa maƙwabta, sai ya kulle ƙofar gida ya jefa makulli a aljihu. Wani kamfani ya kira shi aiki sau biyu, ya ce ba hali. Abokai sun gaji da gayyatarsa sun daina.

Bayan mako guda Malama ta zo da dutsen guga. Ya jona, ya ɗau zafi nan take.

"Ai lafiyarsa ƙalau."

"To ka ƙara dubawa, Injiniya. Ni zan shiga wurin ƙanwata."

Ya ƙara dubawa har awa biyu, yana jin dariyarsu ta taga. Mako mai zuwa fanka ta kawo, ita ma ba abin da ya same ta. Da yamma ya tura mata saƙo:

"Likitata, kayan gidanku duk lafiyarsu lau. Mai gyaran ne ya lalace tun ranar Talata, kuma ba shi da wurin kai kansa sai wurinki."

Ta amsa: "Na faɗa maka ni ba likita ba ce, taimakon farko kawai na iya. Amma na karɓi wannan majinyacin. Auta ta sha na yamma?"

Ita ta rubuta musu jadawalin magani ta liƙa a bango, ta ba Auta littafin da za ta riƙa rubuta ranar da ta faɗi da abin da ya faru kafin nan. A cikinsa suka gano rashin barci da tsallake abinci ne suka fi tayar mata. Da aka kai wa likita littafin ya gyara magani, faɗuwar ta ragu, har aka yi wata uku shiru. Sai dai duk zancen soyayyarsu a shago ake yi, shi a kan kujerarsa, ita a kan benci, idonsa rabi a kanta rabi a taga. Ko sau ɗaya bai taɓa raka ta bakin titi ba.

Wata rana ta tarar ya je maƙwabta, Auta na ciki, ƙofa a kulle. Da ya dawo ta jira ya buɗe, ta tsaya a shago.

"Injiniya, in wuta ta tashi fa?"

"Minti biyar kawai na yi."

"Shekararta ashirin. Ta ce mini tana son komawa ɗinki."

"Ba ki ga ranar da na tsince ta ba. Umma ta riƙe hannuna ta ce kada in bar ta."

"Ta ce kada ka bar ta, ba ta ce ka rufe ta ba. Kai ma ka rufe kanka."

Maganar ta soke shi. Ya ce, "Ke kina zuwa ki tafi. Ni nake nan."

Ta ɗauki jakarta ta fita.

Kwana uku babu saƙo. A rana ta huɗu yana tsaye a ƙofar shago ya ga motar mai kantin maganin unguwa ta wuce, Malama a gaba. Mutumin ɗan aminin mahaifinta ne, ya daɗe yana nemanta, kuma a wurinsa Mai Gyara ke sayen maganin Auta in na asibiti ya yanke. Ya koma ciki ya zauna, ya kwance fanka ɗaya ya ɗaure har sau uku. Bai iya binta ba, don ba shi da wanda zai bar wa gida. Daga ƙarshe ya rubuta:

"Na gan ki. Allah ya sa haka ya fi alheri. Shi yana da inda zai kai ki, ni ban da shi."

Amsa ta zo bayan la'asar: "Abba ne ya sa ya kai ni aiki, ban iya musa masa ba. Mutumin nan ya gaya wa Abba ciwon Auta, ya ƙara gishiri. Abba ya ce kada in sake taka gidanku. Kwana uku nake roƙonsa, kai kuma kana can kana raba ni da kanka. Ban canza ba, masoyi. Amma ni ma yanzu a rufe nake."

Ya karanta sau biyar. Ya roƙi maƙwabciyarsu ta zauna da Auta, ya sa rigarsa mafi kyau ya tafi gidansu Malama. Abba, tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai magana a hankali. Ya saurare shi har ya gama.

"Yaro, ban ji wani mugun abu a kanka ba. Amma ciwon nan an ce ana ɗauka, an ce yana bin jini. Ko ba haka ba, 'yata za ta shiga gidan da ba a fita. Na ji kai kanka ko ɗaurin auren abokinka ba ka zuwa. Ka yi haƙuri."

Mai Gyara ya buɗe baki zai ce ba a ɗauka, sai ya ga maganar rashin fitarsa gaskiya ce. Ya yi godiya ya tashi. A hanya ma sauri yake yi, yana duba agogo.

Bai gaya wa Auta ba, amma ta gani a fuskarsa, ta kuma ji sauran a bakin maƙwabciya. Mako biyu gidan ya yi tsit. Ya ci gaba da miƙa mata magani safe da yamma, tana karɓa ba ta kallonsa.

Wata safiya yana fama da wata tsohuwar rediyo, ya ɗaga kai ya leƙa taga, tsakar gida wayam. Ya duba ɗaki, ya duba banɗaki. Takalminta ba ya nan. A kan matashinta ta bar takarda: "Yaya, na sha maganina, na ci abinci. Na tafi gidansu Anti Malama. Kada ka yi gudu."

Ya yi gudun. Duk inda ya hango mutane sun taru sai ya kutsa ya duba. Ya isa gidan jiƙe da gumi, ƙanen Abba da ke zaune a ƙofa ya yi masa iso.

A falo ya same ta, zaune a kan darduma, littafinta a buɗe a gaban Abba. Mama, mahaifiyar Malama, na gefe, Malama na tsaye jikin labule. Auta ta kalle shi sau ɗaya ta ci gaba da maganarta.

"Abba, Yayana ya shekara goma sha ɗaya yana share mini baki da hannunsa, bai ɗauka ba. Maganar jini kuma ni ban sani ba, ga sunan likitana, a je a tambaye shi. A gidanmu dai ni kaɗai ce, kuma bayan zazzaɓi mai tsanani ya same ni."

Ta juya wurin Mama.

"Mama, in na faɗi yanzu, me za ki yi?"

Mama ta ce, "Allah ya kiyaye, 'yar nan."

"Amin. Amma in ya faru, ki sa mini wannan matashin a ƙarƙashin kai, ki janye teburin nan, ki duba agogo. In na lafa ki juya ni a gefe. Shi ke nan. Zan tashi in ji kunya, ki yi kamar ba ki gani ba."

Abba ya yi murmushi bai shirya ba.

"Yayana tsoro ne ya yi masa yawa," in ji Auta. "Shi kaɗai ya san abin yi, shi ya sa ba ya fita, ni ma ba na fita. In mutum goma suka sani, kowa zai huta. Ba mai jinya nake nema ba. Shi nake nema wa mata."

Mai Gyara ya durƙusa a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai don kada a ga idonsa. Abba ya daɗe yana juya shafukan littafin. Sannan ya ce, "Ke kaɗai kika zo?"

"Ni kaɗai. Mota biyu na hau."

Abba ya dubi Mai Gyara. "Ka ji. Ranar Talata zan bi ku wurin likitan nan in ji da kunnena. In maganarta ta tabbata, ka turo manyanka. Amma da sharaɗi: yarinyar nan ta koma makarantarta, kai kuma ka karɓi aikin da ake kiranka."

"Na yarda, Abba," ya ce.

Likita ya yi wa Abba bayani har ya gamsu. Malama ta tara maƙwabta da malamar ɗinki da 'yan ajin Auta a tsakar gida, ta koya musu, Auta da kanta take kwanciya ana gwada juyawa da ita. Ranar farko da Mai Gyara ya fita aiki sau bakwai ya kira gida, har Auta ta kashe wayarta. A wata na biyu ta faɗi a makaranta. Sai da ta farfaɗo ta sha ruwa sannan aka kira shi, ita ce ma ta yi maganar: "Minti ɗaya da rabi, Yaya. Ka gama aikinka." Ya ɗan zauna a kan akwatin kayan aiki, sannan ya tashi ya gama.

Da yamma ya rubuta wa Malama: "Yau ta faɗi ba na nan, kuma duniya ba ta tashi ba. Ki yafe mini abin da na faɗa miki ranar nan, hasken idona."

Ta amsa: "Na yafe tun kafin in kai bakin titi. Ka shirya, saura kwana goma sha tara, kuma ba na son ango mai rama."

Aka ɗaura aure ranar Asabar da hantsi. Rigar da amarya ta sa Auta ce ta ɗinka, hannu ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, amarya ta ce ko da wasa ba za a taɓa mata shi ba. Da za su tafi, Abba ya kira su ukun, ya haɗa hannun 'yarsa da na Mai Gyara.

"Ga amana nan. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa ku zame wa juna sanyin ido." Ya juya ga Auta. "Ke kuma, 'yata, ranar Juma'a Mamanki na jiranki, akwai labulen da za ki auna mana. Allah ya ƙara lafiya."

"Amin, Abba," suka ce.

Mai Gyara ya buɗe wa amaryarsa ƙofar mota. Ta shiga, ta matsa masa, ta ce a hankali, "Ina za ka kai ni, Injiniya?"

"Gida tukuna," ya ce. "Gobe kuma duk inda kika ce."