Ranar da Inna Ta Faɗi Gaskiya Gaban Ma'aikaciya

Ku matso ku ukun, kowa ya kife wayarsa. Labarin wani gida zan ba ku, kuma ba don nishaɗi ba.

Wata mata ce, shekara tara da aurenta, amma har yau Amarya ake ce mata. Ɗinki take yi a wani shago, mijinta kuma direban bas ne. Irin auren nan ne da maƙwabta ke jiyo dariya ta bango su ce, "Su dai waɗannan ba sa girma." Sai ɓarin jikin uwarsa, Inna, ya shanye. Amarya ce ɗagawa, ita ce wanka, ita ce canjin zanen gado. Mai shago ya aiko: in ba ta dawo ƙarshen wata ba, zai ba wata kekenta.

To gwamnati tana da tsari. Tsohon da ba ya iya wanka ko shiga banɗaki da kansa, ana turo masa mai jinya kullum da safe, gwamnati ta biya. Amma sai ma'aikaciya ta zo ta ji daga bakin tsohon.

Ranar da za ta zo, Inna ta sa aka ɗaura mata ɗankwali, aka fesa turare, aka jingina ta da filo uku.

"Mama, wa ke yi miki wanka?"

"Ni mana! Jaririya ce ni?"

"Banɗaki fa?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Sai godiya."

Amarya na bakin ƙofa riƙe da tire. Ta yaya za ta ƙaryata surukarta gaban baƙuwa? Ma'aikaciya ta cike fom ta tafi. Bayan sati biyu takarda ta zo: Inna ba ta cancanta ba.

Yaya Babba, yayar Direba, mai leƙowa sau ɗaya a wata da lemo a leda, ta karanta ta tafa hannu.

"Ke kika ɓata! Kin gyara ta fes kamar mai zuwa ɗaukar hoto. Sai ki haƙura da shagon ki zauna. In ba za ki iya ba, ai mata ba su ƙare ba."

Direba ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota.

Da ta tafi Amarya ta ce, "Wanke Inna bai taɓa ƙona min rai ba. Shirunka ne ya ƙona."

"Yayata ce, me zan ce?"

"Ni kuma ƙanwar wa ce?"

Kwana uku ba su haɗa ido ba. Ta ciro jakarta daga saman durowa, ta dube ta, ta mayar. In ta tafi wa zai juya tsohuwar?

Rana ta huɗu tana ɗaga Inna a banɗaki bayanta ya riƙe. Suka sulale tare, suka zauna daɓas kan tayil, ruwa na zuba. Inna ta ga hawaye.

"Tun yaushe bayan nan naki yake ciwo?"

"Wata uku, Inna."

Tsohuwa ta ce, "Na rufa wa kaina asiri da ƙashin bayanki. Kira min mijinki."

Da ya zo ta ce, "Koma ofishin nan, ka ce tsohuwa ta yi ƙarya. Kai kuma ashe hon kawai ka iya? A mota baki, a gida kurma!"

Ya bi layi kwana biyu kafin a ba shi rana. Da ma'aikaciya ta dawo, Inna ta hana a ɗaura mata komai.

"Rubuta, 'yar nan. Ban iya wanka. Ban iya tashi. Famfas ake sa min. Yarinyar can ke yi, kuma ta ƙare."

Yaya Babba, da ta leƙo ranar, ta ce, "Haba Inna, gaban mutane?"

Direba ya ɗago. "Yaya, ko dai ki ɗauki jinyar Asabar da Lahadi, ko ki bar maganar matata."

Ta ɗauki Lahadi, tana ƙunƙuni.

Mai jinya ta fara zuwa da safe. Ranar da Amarya ta koma shago, shi ya kai ta har ƙofa, ya ce, "Na makara, ki yafe min." Ta ce, "Ka makara, amma ka iso." Haƙurinta bai faɗi ƙasa ba. Sai dai ku sani, kunyar da za ta karya bayan wani ba tarbiyya ba ce, kuma mijin da ya yi shiru ana taka matarsa, da shi aka taka.

Jibi ma'aikaciya za ta zo ganin babanku, kun kuwa san bakinsa. Ni gwiwata ta ƙi, matar autanku ce ke ɗaga shi ita kaɗai. Kafin ku tashi daga nan, ku tsayar da wanda zai zauna kusa da shi ya faɗi gaskiya, ku kuma raba ranakun mako a tsakaninku. Ina jin ku.