Rumfar da Ta Ƙi Hucewa

Da hantsi rumfar kasuwarmu kan fara gurnani. Madubai ne biyu-biyu masu kallon juna, sun lulluɓe kasuwar Sabon Kwari kaf, a tsakaninsu an shafa shuɗin baba siriri kamar ɓawon albasa. Hasken rana in ya shiga sai ya yi ta kai da komo har ƙwayoyin shuɗin su haɗiye shi. Daga nan su huce a hankali, zafin ya bi waya ya zama lantarki. A ƙasa kuwa inuwa ce mai sanyin randa.

Ban yi boko ba, amma daga bakin Dakta Lantana na ji wannan, ita da ta lissafa abin. Shayina take sha, don duk kasuwar ba wanda ya kama ƙafata.

'Yan kasuwa sun mai da rumfar abokiyar wasa. In ta cika gurnani sai a ɗaga kai a ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya!"

Ranar da rumfar ta yi tsit, Lantana ta zo a guje, ba ko takalmi. Shagon mahaifinta ta nufa, Malam Tsalha tela, maƙwabcina.

"Baba, tashi mu fita. Ta ƙi hucewa."

"To a ba ta haƙuri mana," in ji shi, bai ko tsai da keke ba.

"Ba wasa nake ba! Ƙwaya ɗaya na lissafa, ita kan huce. Ashe in sun taru cikin haske guda, jiki ɗaya suke zama. Sun ɓoye zafin inda waya ba ta kai."

"Halin uwarki ke nan. In ta yi shiru a ƙyale ta, kafin la'asar ta sauko."

Lantana ta hau bencina tana ihu, "Jama'a, rumfa ba ta huce ba!" Kasuwa ta kwashe da dariya. Wani mahauci ya ce a kai mata turare da atamfa.

Ni dai na ga ba wasa take ba. Na bar tukunyata a wuta na zura, da tsufana na wuce samari. Ita ta koma tana jan hannun tsohon.

Ina bakin gadar da ke wajen kasuwa rumfar ta saki abin da ta haɗiye, gaba ɗaya. Ba ƙara. Shuɗin haske ne kawai, ya tashi ya kwanta. Da aka shiga, an tarar da keken Malam Tsalha ya narke ya bi ƙasa. Mutane kuwa ba a samu na wankewa ba.

Layinmu ni kaɗai na saura, kuma ko a gaban wa zan faɗa. Sai dai tun ranar komai shuɗi nake gani, har madara.

Bana an fara kafa wata rumfar, ta ninka waccan. Sun ce an gyara lissafi. Jiya na ji leburorin suna yi mata kirari, har sun sa mata suna Amarya.