Nonon da Hajara Ba Ta Bayar Ba

A kasuwar Tiga Zailani ya fara ganin Kyauta, shekarar da aka ɗauke shi aikin sakar wa manoman rani ruwa. Ta zo daga Ba'awa sayen kifi, ta tsare mai karfasa da ciniki.

"Baiwar Allah, tausaya masa mana," in ji Zailani. "Tun safe yake cikin ruwa."

Ta dube shi sau ɗaya ta sunkuyar da kai. "Kai ne lauyansa?"

"A'a, ni ƙarata daban ce, kuma gidanku zan kai ta."

Ya kuwa kai. Bai tare ta a lungu ba irin na samarin yanzu. Wajen mahaifinta Malam Mainasara ya je, ya durƙusa ya gaida shi, sannan aka ba shi izinin zance. Ranar da aiki ya hana shi zuwa, sai takarda.

"Sanyin idona, yau na buɗe ruwa na manta ban rufe ba, na jiƙa wa wani albasa har ya zage ni. Laifinki ne."

Ta mayar masa: "Malam na famfo, ka riƙe aikinka da kyau. Baba ba ya ba korarre 'ya."

Mahaifin Zailani, Malam Jibrin, shi ya ƙi. Ya riga ya zaɓa masa Luba, 'yar ƙanwarsa Saude da ke aure a Doguwa. Ana cikin wannan ja-in-ja tsofaffin Ba'awa suka tono wata magana mai nauyi. A garin aka haifi Zailani. Uwarsa ta rasu yana wata biyu, Malam Jibrin yana can ci-rani, kuma Hajara, marigayiya uwar Kyauta, ita ta ɗauke jaririn kwana uku a ɗakinta tana goyon ɗanta na fari. Suka ce ai ta shayar da shi. In haka ne, ko sau ɗaya ya sha, Kyauta ƙanwarsa ce, aure ya haramta har abada.

Kyauta ta rubuto masa layi biyu: "Ba zan saɓa wa Allah saboda kai ba. Amma bakina ya kasa kiranka Yaya."

Aka taru a zauren Malam Mainasara. Aka aika Doguwa aka kira Saude, don ita ta karɓi jaririn bayan kwana ukun, ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida.

Malam Mainasara ya ce, "Malam Jibrin, da Hajara ta shayar, ni zan fara hana auren nan, ba kai ba. Lokacin ina Falgore da shanu. Mata suka matsa mata, ta ƙi. Da cokali ta riƙa ɗura masa madarar akuya, ana ce mata marar tausayi. Kwana na uku ta goya nata, ta rungumi naka, ta bi motar itace ta same ni a ruga. Ta ce, 'Malam, nonon a jikina yake, amma duk wanda ya sha ya zama ɗanka, ya zama ɗan'uwan duk 'ya'yan da za ka haifa. Ba zan ƙara maka ɗa ba ka sani ba.' Na ce na yarda. Muka dawo gida muka tarar da Saude ta iso. A gabana ta miƙa mata shi, bai sha ko ɗigo ba."

Malam Jibrin ya juya. "To Saude, ke da me kika rene shi?"

 Saude ta ce, "Yaya, ni na shayar da shi, wata shida, tare da ɗana, yayan Luba. Maigidana yana kudu, ban faɗa masa ba, da ya dawo kuma na ji tsoro. Tun da ka ambaci Luba ban sake cin abinci da daɗi ba."

 Malam Jibrin ya cire hula ya share gumi.

"Da hannuna na kusa haɗa wa da ƙanwa," ya ce. "Malam Mainasara, ina nema wa ɗana 'yar Hajara, in ba ka yi fushi ba."

"Na ba shi. Allah Ya sa ta gado uwarta."

Bayan girbi aka ɗaura aure, ranar Juma'a. Luba ce ta riƙe wa amarya mayafi har Tiga, tana tsokanar Zailani wai yanzu dole ya riƙa sauraron ƙanwa.

Da mutane suka watse da la'asar, Zailani ya tsuguna gaban amaryarsa.

"Sanyin idona, me kike so in fara yi miki?"

"Ka kai ni Ba'awa ranar da Baba zai ziyarci makabarta," ta ce a hankali. "Ni zan tsaya gida. Kai ka bi shi, ka yi wa Inna addu'a."

Ya ce, "Ko ba ki roƙa ba."

Allah Ya jiƙan Hajara, Ya sanya albarka a gidan nan, Ya ba su zuriya mai jin magana. Amin.