Layin da Ya Koma Hannun Tela

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Ni ba mai yawan magana ba ce ko a cikin gida. Amma a unguwarmu Durumi kowa da irin yadda yake ba da labarin aurena, shi ya sa na ga gara in faɗa da kaina.

Sunana Rumaisa. Ranar da na fara jin muryar Musbahu, kashe mini waya ya yi.

Yayana Abdulbasit ya tafi Libiya aikin gini ba da son Baba ba. Baba ya ce tunda ya tafi, kada ya kuskura ya kira shi. Sai ya zama da ni kaɗai yake magana, ta Fesbuk ɗin da ya buɗe mini kafin ya tafi. Shi ne ya saka kalmar sirrin, ya faɗa mini sau ɗaya, ban riƙe ba, don waya ce ke riƙe mini. Duk Juma'a zai aiko da saƙon murya, in kai wa Inna kicin ta saurara a ɓoye.

Sai aka zo aka rushe ɓangarenmu na unguwar. Ina wajen suyar awara a bakin titi, kafin in iso ɗakinmu ya zama tarin kwano da bulo, wayar tana ciki. Na je a dawo mini da layin, aka ce da sunan Abdulbasit aka yi rajista, sai ya zo da kansa. Muka koma wani ɗaki a can ƙasan Durumi. Shekara ɗaya da wata biyu ba mu ji daga gare shi ba, shi ma bai san inda muke ba. Inna ta daina tambayata da baki, kallona kawai take yi duk Juma'a. Hawan jini ya kama ta.

Ɗangoggo, ɗan ƙanwar Baba, yana da shagon cajin waya, kuma ya daɗe yana nuna yana sona. Ya gwada buɗe shafin ya fi sau ashirin. Kullum a ce za a aika lambobi shida zuwa tsohon layina.

"Layin ya mutu, Rumaisa," ya ce. "Ki haƙura kawai."

Wata rana ina zaune ba ciniki, na danna tsohuwar lambata a ƙaramar wayar Inna, haka nan ba dalili. Sai na ji tana ringi. Namiji ya ɗauka.

"Don Allah malam, layin nan nawa ne a da. Za a turo maka wasu lambobi, ina so ka karanto mini."

"Malama, na san irinku. Shekaranjiya ma wani ya kira, wai daga banki yake." Ya kashe.

Na daɗe ina rubuta saƙo, ina gogewa. A ƙarshe na tura: "Wallahi ni ba mai damfara ba ce. Yayana nake nema. Mahaifiyarmu ba ta da lafiya."

Sai bayan la'asar amsa ta zo: "In gaskiya ne ki zo in gan ki. Ni tela ne, ina zama gindin mangwaro kusa da gadar Area One. Sunana Musbahu."

Washegari na je. Irin telolin nan ne masu yawo da keken ɗinki a kafaɗa. Na same shi yana gyara wa wani ɗan sanda wando, da allura a bakinsa. Siriri ne, baƙi, da tabo a goshi. Na kasa kallon fuskarsa, sai keken nake kallo.

"Ke ce mai layina?" ya ce.

"Ni ce."

"To ai kin fi ƙarfin damfara. Mai damfara ba ya rawar murya haka. Zauna."

Ya ce wata huɗu ke nan da ya sayi layin sabo. Muka gwada a wayarsa, shafin ya ce an yi gwaji da yawa, a jira. Muka sake bayan kwana biyu, lambobin ba su zo ba. Haka muka yi ta yi kusan wata guda. Ina kawo masa awara a leda, shi kuma ya ɗinke mini hijabina da ya yage ba tare da na ce ba. Ya faɗa mini daga wani ƙauyen Zamfara ya fito, 'yan bindiga sun kashe mahaifinsa a gona, shi ke ciyar da mahaifiyarsa da ƙanne uku a Gusau. Ya faɗa yana jan zare, bai ɗago ba.

Da yamma sai saƙo ya shigo wayar Inna: "Mai Layina, kin isa lafiya? Yau ma ba su turo ba. Ni dai ban ƙi su ƙara jinkiri ba, don in sun turo ban san da me zan riƙa ganin ki ba."

Na amsa: "Malam Tela, ka ji tsoron Allah."

"Ina ji. Shi ya sa nake so in zo gida a gaishe da Baba."

Ya zo ranar Lahadi da lemo a leda. Baba gadi yake yi a wani gida a Garki, kuma ba ya son baƙon da bai san asalinsa ba. Bai ko karɓi lemon ba.

"Waye ubanka? Wa ya san ka a nan? Mutumin da aka tsinta a waya?" Sannan ya juyo gare ni. "Ɗaya ya riga ya bi duniya. Ba zan ba wa duniya ta biyu ba."

Musbahu ya durƙusa ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," ya tafi.

A makon ne Inna ta faɗi a bakin murhu, aka kwantar da ita a asibiti. Ni ke jinya, ba halin zuwa gindin mangwaro. Na kira Musbahu na faɗa masa sabuwar kalmar sirrin da nake so a sa.

"In sun turo ka buɗe kawai. Na yarda da kai."

Bayan kwana uku halinsa ya canza. Saƙonninsa suka gajarce. In na tambaya sai ya ce, "Ki dai kula da Inna." Ya zo dubiya sau ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi yarda mu haɗa ido.

Ɗangoggo ne ya same ni a barandar asibiti ya miƙo mini wayarsa. Ga hotona, ga ɗan koren ɗigo a gefensa.

"Kin san ma'anar wannan? Shafinki a buɗe yake. Tun ranar Talata nake ganin sa. Telanki ya shige ya bar ki a waje. Gobe za ki ji yana roƙon mutane da sunanki."

Na bar Inna tana barci, na hau mota zuwa Area One. Wannan karon na kalli fuskar Musbahu.

"Ka buɗe?"

"Na buɗe."

"Tun yaushe?"

"Talata."

"Yayana ya rubuto?"

Ya ajiye almakashi. "Rumaisa, ba zan iya faɗa miki komai yanzu ba."

"Ba ni wayar."

"Ba zan ba ki ba."

Ni da ban taɓa ɗaga murya a titi ba, na kira shi maci amana a gaban masu sayar da rake. Na ce Baba ya yi gaskiya, wanda ba a san asalinsa ba ba a san halinsa ba. Idonsa ya yi ja, ya mayar da kansa kan ɗinki, amma keken bai juya ba.

Kwana tara ban kira shi ba, shi ma bai kira ba. Saƙo ɗaya ya turo: "Duk abin da kika ce na ji. Ki ci abinci."

Ranar da aka sallamo Inna, Baba bai je aiki ba. Bayan la'asar ya shigo da limamin unguwa. Musbahu ya biyo su, ya zauna a bakin ƙofa wajen takalma.

Liman ya yi addu'a, ya yi magana a kan haƙuri, sannan ya ce Allah ya karɓi Abdulbasit. Inna ba ta yi ihu ba. Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un sau uku, ta jingina da bango, ta ce, "Na sani. Tun azumi jikina ya ba ni."

Baba ya ce Musbahu ya karanta saƙonnin da ya tarar a shafina. Ya fara da saƙon ƙarshe, wanda ya shigo wata takwas da suka wuce:

"Ni ba Abdulbasit ba ne. Sunana Zacharias, ɗan Pankshin, ɗaki ɗaya muke kwana. Ki yi haƙuri, ya faɗo daga saman gini ranar Laraba, bai kai asibiti ba. Ni Kirista ne, amma na nemo Hausawa sun yi masa wanka da salla, ina wurin har aka rufe shi. Kullum yana maganar ki. In kin ga wannan ki amsa."

A sama da shi akwai na Abdulbasit, sun fi talatin. "Rumaisa ina kike?" "Na ji an yi rusau, kuna lafiya?" Akwai wanda ya ce: "Ki ce wa Baba ya yafe mini. In na dawo zan durƙusa har sai ya ce in tashi."

A nan Baba ya rufe fuska da hularsa. Ban taɓa ganin yana kuka ba. Da ya samu murya ya ce, "Na yafe. Tun tuni na yafe, girman kai ne ya hana ni faɗa."

Sai ya nuna bakin ƙofa.

"Yaron nan ranar Talata ya same ni a wurin gadi. Ya cire takalmi a kan titi, ya ce ya zo da abu mai nauyi, kuma bai dace mace ta ji shi a waya daga bakin baƙo ba. Likita ya ce kada a tayar wa uwarku da hankali, ke kuma fuskarki ba ta ɓoye komai. Ni na ce ya riƙe bakinsa har a sallame ta. Na ji abin da kika yi masa a Area One. Ya riƙe."

Na kasa ɗaga kai. Aka yi zaman makoki kwana uku. Musbahu ne ya ɗauko tabarmi daga masallaci, shi ya mayar. A rana ta uku na tare shi a bayan ɗaki.

"Ka yafe mini."

"Da ni ne ma haka zan ce."

"Ba ka ji haushi ba?"

"Na ji. Amma na san abin da ke jiran ki ya fi nawa zafi." Ya ɗago ya dube ni. "Mai Layina, har yanzu ina so in zo gida."

"Ai kana gida," na ce.

Bayan wata biyar Baba da kansa ya ce ya turo manyansa. Kawunsa ya zo daga Gusau. Aka ɗaura aure a masallacin unguwa ranar Asabar, ba kiɗa, don Inna ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ɗangoggo bai zo ɗaurin ba, amma ya aiko da katan ɗin lemo. Da za a kai ni, Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa ku riƙe juna a kan abin da ya fi wannan nauyi." Baba ya dafa kan Musbahu ya daɗe bai ɗauke hannu ba.

Da gari ya waye, bayan mun yi salla, na ce ya ara mini wayarsa. Duk watannin nan Baba ne ya yi magana da Zacharias, ni na kasa. Na zauna a bakin katifa na rubuta da kaina, a hankali:

"Zacharias, ni ce Rumaisa. Na gode da ka tsaya har aka rufe shi. Jiya aka yi aurena. In ka samu hali ka je wurinsa, ka ɗauko mini hoton wajen, Inna tana so ta gani."

Na tura, sannan na tashi na ɗora ruwan shayi.