Saurayin Riziki Bai Iya Ruwa Ba

"Baba, shi ke nan laifinsa? Don bai iya ruwa ba?"

Riziki tana tsaye a bakin ƙofa, jakar kayan ninƙayarta a kafaɗa, idanunta sun yi ja.

"Ban ce laifi ba ne," na ce. "Cewa na yi ba zan ba shi ke ba."

"Yana da addini, Baba. Yana da sana'a. Bai taɓa ɗaga mini murya ba..."

"Ranar da teku ya riƙe ki, da ladabin zai tsamo ki?"

Uwarta, Bi Tatu, ta leƙo daga madafa. "Makame, kai da ka iya ruwan, yaushe ka taɓa tsamo ni?"

"Ke da ko idon sawunki ba kya sawa a teku!"

Babu wanda ya yi dariya. Riziki ta share ido da gefen mayafinta, ta fita.

Ni masunci ne a Mtoni, ƙauyenmu na bakin teku, har ciwon baya ya zaunar da ni. Riziki ita kaɗai ce mace a 'ya'yana. Matan gidanmu ba sa ninƙaya, iyakarsu bakin ruwa. Ita ce ta je ta koya, da doguwar rigarta mai rufe jiki har kai, ta samu aiki a kwale-kwalen da ke kai baƙi tsibirin Bawe kallon kifi. Baƙi mata da ba sa son namiji ya riƙe su a ruwa, ita suke nema. Tun ranar da ta fara wannan aiki hankalina bai sake kwanciya ba.

Shi ya sa nake son Pandu. Shi ne matuƙin kwale-kwalen, wato Nahodha, ɗan aminina ne, a ruwa aka haife shi. Na ce in dai dole sai ta shiga teku, to mijinta ya zama wanda zai bi ta ciki.

Ita kuwa Selemani take so. Ɗan Kondoa ne, can cikin tudu, inda ruwa mafi girma shi ne na rijiya. Shi ke zagayawa da baƙin cikin tsohon gari da safe, sannan ya raka su kwale-kwale, ya ɗaure rigar ceto har wuya, ya zauna. Masunta suna kiransa Kazar Tudu.

Ranar da muka yi wannan cacar baki, Pandu ya zo da la'asar, ya kawo mini kifi.

"Mzee, gobe ka biyo mu mana," in ji shi, don haka ake kiran dattijo a wajenmu. "Baƙin ba su da yawa. Ka ga aikin 'yarka... ka kuma ga surukin naka da idonka."

Ya faɗi "suruki" yana murmushi. Na gane nufinsa, amma na amsa, don ni ma ina so in gani.

Washegari da hantsi na same su a tsohon gari. Baƙin iyali ɗaya ne daga Nairobi: wani tsoho, da matarsa, da 'yarsu budurwa. Selemani ya hango ni, ya taho da sauri ya rusuna.

"Mzee, barka da zuwa. Yaya bayan?"

"Yana nan inda yake."

Na bi su a baya ta cikin lunguna. Ba zan ɓoye ba, yaron ya san aikinsa. Ya tsaya gaban wata tsohuwar ƙofa mai sassaƙa, wadda na sha wucewa ban taɓa ɗaga kai na dube ta ba, ya ba da labarin masu gidan har matar tsohon ta riƙe baki. A kasuwa ya murza kanumfari a tafin hannunsa ya ba su suka shaƙa. Da tsohon ya gaji, tun kafin ya yi magana Selemani ya samo masa kujera da ruwan kwakwa.

A wani lungu na ji muryarsu, shi da Riziki. Ba su san ina kusa ba.

"Hasken idona, kin yi kuka jiya."

"Wa ya gaya maka?"

"Fuskarki."

"Selemani... in Baba ya ƙi fa?"

"Sai in jira."

"Har yaushe?"

"Har ki gaji da ni."

"To za ka tsufa kana jira, Kazar Tudu!"

Suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na tsaya ina kallon bango. Na daɗe ban ji 'yata ta yi irin wannan dariyar ba. Amma na ce wa raina, dariya ba ta fitar da mutum daga ruwa.

Da rana ta ɗaga muka shiga kwale-kwale. Muka sauke ma'aikatan Pandu a kan tsibirin, da gawayi da tukunyar shinkafa, don su gasa kifin abincin rana. Daga nan Pandu ya juya da mu. Bai tsaya inda aka saba tsayawa ba, ya wuce can bakin duwatsun murjani.

"Nahodha, nan fa?" in ji Riziki. "Ruwa ya kusa fara janyewa."

"Nan kunkuru suke, ƙanwata. Ko kin fara tsoro ne, kin kwaso cutar wani?"

Na dubi ruwan. Ya yi lumui, ana ganin ƙasansa. Na san wurin yana da ja idan ruwa ya juya, amma na ɗauka da sauran lokaci.

Riziki ta sa wa matan biyu gilashin ido da bututun numfashi, ta jefa tayar ceto mai ruwan lemo, ta sauka. Ta sauko da su a hankali, ta nuna musu inda za su riƙe. Uwar tana ihu, 'yar tana dariya. Sai duk suka kifa fuskokinsu cikin ruwa, Riziki tana jan tayar da igiya.

Selemani ya koma gaban kwale-kwalen ya zauna, ya ba mu baya.

Na ciro wuƙata ina feraye mangwaro. Wuƙar mahaifina ce, kowa a Mtoni ya san ta. Na ajiye ta a gefe don in miƙa wa tsohon Nairobi yanki, sai Pandu ya wuce ya taɓa ta da gwiwa. Ta faɗa ruwa, ta nutse.

"Kash! Wuƙar Mzee!" Ya dafe kai. "Selemani! Ga ranarka ta zo. Sauka ka ɗauko wa surukinka wuƙarsa."

Selemani bai juyo ba.

"Ban iya ruwa ba, Nahodha. Ka sani."

"Ɗaga murya, Mzee bai ji ba!"

"Mzee, ka yi haƙuri. Ban iya ruwa ba."

Ya faɗa mini haka ba tare da ya dube ni ba. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ga rashin iyawa, ga rashin kunya, yana magana da babba ya juya masa ƙeya.

Pandu ya tuɓe riga, ya yi tsalle ya faɗa ruwa kamar kifi. Ya nutse, ya taso, ya ɗaga mini hannu, ya sake nutsewa. Ni da tsohon muka leƙa muna kallonsa. Abin sha'awa ne, wallahi. Duk tasowar da zai yi sai ya ƙara nisa kaɗan, amma ban kula ba.

"Mzee!"

Muryar Selemani ce, amma ban taɓa jin ta haka ba.

"Mzee, ruwa yana tafiya da su!"

Na juya. Yana tsaye a gaban kwale-kwalen, hannunsa na dama a miƙe, yana nuna can wajen duwatsun. Na bi hannun da ido. Ban ga komai ba sai hasken rana a kan ruwa. Igiyar ruwa ta ɗaga, sai na hango ɗan ja-ja kamar ƙwayar lemo, ya sake ɓacewa.

Ruwa ya juya. Su kuwa fuskokinsu suna ƙasa suna kallon kifi, ba su san sun bar wurin ba sai da suka yi nisa.

Na waiwaya ina neman Pandu.

"Pandu!" na yi ihu. "Pandu!"

Kansa yana cikin ruwa, bai ji ba.

"Selemani, zo ka kama mini anga!"

"Ba zan iya ba, Mzee. In na ɗauke ido na rasa ta."

Maganar ta dake ni, don dokarmu ce ta masunta. Idan mutum ya faɗa teku, wanda ya gan shi ba ya yin komai sai nuni. Ba ya jan igiya, ba ya juyawa, ko ubansa ne ya kira shi. Ban san wa ya koya wa ɗan tudu wannan ba.

Na kwance igiyar angar daga jikin kwale-kwalen, na ɗaura mata jarka na jefa ruwa, don Pandu ya sami abin riƙewa. Na ja injin, bayana ya amsa kamar an soka mini ƙusa. Injin ya tashi.

"Dama, Mzee... kaɗan. Haka. Riƙe haka!"

Ba na ganinsu. Hannunsa kawai nake bi. Da muka fita daga bayan duwatsun igiyar ruwa ta fara dukan mu, kwale-kwalen yana tashi yana faɗuwa. Tsohon Nairobi yana kiran sunan matarsa yana salati. Selemani ya maƙale gwiwarsa a jikin katako, ruwa yana watsa masa a fuska. Yaron nan tsoron teku yake kamar mutuwarsa. Amma bai zauna ba, bai sauke hannun ba.

"Riziki!" yake kira. "Riƙe su, masoyiyata! Ga mu nan!"

A gabana ya faɗa, bai ma san ya faɗa ba.

Muka same su. Riziki ta ɗaura hannun uwar a jikin tayar, ta rungume 'yar da ɗaya hannun, tana harba ƙafa don kada igiyar ruwa ta kifa su. Leɓɓanta sun yi fari. Sai da ta tura baƙinta sama, sannan ta bari muka jawo ta.

Ta faɗi a ƙasan kwale-kwalen tana haki.

"Baba..."

Na riƙe kanta a ƙirjina. 

A hanyar komawa muka ɗauki Pandu, yana rungume da jarka. Ya hau bai dubi kowa ba. Bai samo wuƙar ba, ni ma ban tambaya ba.

A kan tsibirin aka shimfiɗa tabarma, aka kawo shinkafa da gasasshen kifi. Na lura Selemani ya kasa ɗaga hannun damansa zuwa baki, kafaɗar ta sandare. Na matsa kusa da shi.

"Wa ya koya maka nuni?"

"Riziki na tambaya, Mzee. Na ce mata, wanda bai iya ruwa ba, me zai iya yi wa wanda ke ciki? Ta ce ya kalla."

"Ɗazu da ka ba ni baya..."

"Ka gafarce ni. In tana cikin ruwa ba na juyawa."

"Kullum?"

"Kullum."

Na dubi teku. Mu biyu da muka iya ruwa a kwale-kwalen nan, ɗaya yana ƙasa yana neman wuƙa, ɗaya yana sama yana yaba masa. Duk wanda ya iya ruwa, ruwan yake kallo.

Riziki tana zaune nesa kaɗan, lulluɓe da zane, tana yi kamar ba ta saurare.

"Kana da manya a Kondoa?" na ce.

"Baffana da mahaifiyata."

"Ka ce su zo."

Bai gane ba da farko. Riziki ce ta gane. Ta rufe fuska da zanen, kafaɗunta suna girgiza.

"Ke kuma kukan mene ne yanzu?"

"Ba kuka nake ba, Baba!"

"To ci abinci."

Pandu ya zo gida bayan kwana biyu, shi da ubansa, ya durƙusa. Na ce masa ba ni zai roƙa ba. Riziki ta yafe masa, amma ta koma aiki a wani kwale-kwalen, Selemani ya bi ta.

Bayan damina aka ɗaura aure. Mutanen Kondoa suka zo da buhun gero da zuma. Mahaifiyar Selemani, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido, ba ta taɓa ganin teku ba. Washegarin biki da safe na raka ta bakin ruwa. Ta tsaya can baya a kan yashi, ta riƙe zaninta, tana kallonsa har inda ya haɗu da sama.

"Baban amarya, ina ƙarshensa?"

"Ba a gani daga nan."

"A cikin wannan 'yarka take aiki?"

"A ciki."

"Ɗana kuma a kansa?"

"A kansa."

 Ta juyo ta dube ni.

"Kai kuwa kana samun barci?"

"A'a."

Ta gyaɗa kai, ta gyara mayafinta.

"To madalla. Ba ni lambar wayarka. Duk ranar da suka dawo, sai ka kira ni."